A Yaye Mata Bargo

"Wa yake ba ta magani?"

Likitar ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta jawo Asama'u bakin ƙofa, ta rage murya saboda yarinyar da ke kwance a ciki, ta ɗora yatsa a kan wani layi na takardar gwajin jini. Sai ta maimaita tambayar da Turanci a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai magana da wadda ta sauka daga jirgi jiya. Asama'u kuwa shekararta bakwai tana koyar da Turancin nan a wata makaranta a unguwar Deira, a nan ƙasar Larabawa.

"Ku kuka tsayar da maganin," in ji Asama'u. "Yau kwana takwas. Ni zan gaya miki?"

"Mun tsayar. Amma ga shi a jininta, jiya da safe aka ɗiba. Magani ba ya shiga jini da kansa, Madam."

"Ni kike zargi ke nan."

"Tambaya nake yi. Ke ce tare da ita dare da rana."

 Kwana goma sha ɗaya ke nan Asama'u tana kwana a kan kujerar asibiti, bayanta ya sandare, ta bar ɗalibanta a hannun wata malama, sai ga shi ana yi mata tambayar da ake yi wa ɓarawo.

Khairunnisa 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba su, shekararta tara. Farfaɗiyarta ta gagari magani kala huɗu. Likitoci suka ce akwai wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwar da ciwon ke tasowa daga can, in an gano shi za a iya cire shi yarinya ta huta. Don neman wurin ne aka shiga da ita ɗakin tiyata, aka huda ƙoƙon kanta wuri goma sha biyu, aka zura wayoyi sirara kamar zaren ɗinki har cikin ƙwaƙwalwa. Amma wayoyin ba sa nuna komai sai ciwon ya tashi suna ciki suna naɗa, kamarar da ke manne a silin tana kallo. Shi ya sa aka janye magani. A taƙaice dai, an kwantar da Khairi a asibiti ana jira ta faɗi, ita kuma ta ƙi faɗuwa.

"Ranar Alhamis da azahar zan cire wayoyin," in ji likitar, "ko mun samu ko ba mu samu ba. Ba na barin su a kan yaro fiye da mako biyu, cuta tana iya bi ta nan ta shiga. Ina bukatar ciwon ya tashi sau biyu aƙalla, in tabbatar daga wuri ɗaya yake fitowa. In ban samu ba, babu tiyata. An huda kanta a banza ke nan, ki fahimce ni."

Ranar kuwa Litinin ce. Likitar ta naɗe takardarta ta wuce, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan tayil.

Asama'u ta koma ciki. Khairi na zaune a tsakiyar gado tana fentin wani kifi a littafinta, kanta naɗe da farin bandeji kamar rawani, igiyar wayoyi ta fito daga ƙeya ta zarce zuwa wani akwati a bango. An lulluɓe ƙarafan gadon da katifu. A jikin bango, daidai inda ido zai fara sauka, an liƙa takarda da manyan haruffa: in ciwo ya tashi, a danna jan maɓalli, a yaye wa mara lafiya bargo, a matsa daga gaban kamara. Tun ranar farko Asama'u ta tsani takardar nan, ba ta ma son ta kalli wajen.

Hamidatu, nas ɗin da ke aikin rana, tana duba bandejin. 'Yar Zangon Kumasi ce, ita kaɗai ce mai jin Hausa a duk sashen, shi ya sa Khairi ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai ita. Ta gama, ta matso kusa da Asama'u.

"Anti, kada ki sa abin a rai. Haka take magana da kowa, har da mai asibitin."

"Ta yi da mai asibitin. Ni ba baiwarta ba ce."

"Khalas, ya wuce. Amma ki yi tunani, me take ci da ba na nan ba?"

"Babu. Abincinku ne kawai, wannan marar gishirin. Sai dai..."

Ba ta ƙarasa ba. Idonta ya faɗa kan kofin roba mai hoton kyanwa da ke kife a kan taga, wanda ta wanke da hannunta jiya bayan magariba.

Kullum da yamma Gidaɗo, mijinta, yakan taso daga wurin aikinsa a Jebel Ali, inda yake lura da shige da ficen kwantena, ya tsaya a gidansu na Al Rigga, sannan ya iso asibiti da filas ɗin kunun gyaɗa a hammata. Mutumin da ko ruwan shayi bai iya dafawa ba, rana ɗaya ya koyi dama kunu, har da tsamiya. Asama'u ta ji daɗin abin ƙwarai. Ta ma kira yayarta a Kano ta ba ta labari, tana dariya tana cewa asibiti ya mayar mata da miji kuku. Yana zuwa sai ya ce, "Ma'u, je ki yi wanka ki ɗan sha iska, ina nan." Ita kuma ta tafi tana sa masa albarka a zuci.

Daga wannan lokaci har la'asar ba ta iya zama ba. Ta gyara gadon da ba ya bukatar gyara, ta ninke kayan da ke ninke, ta yi salla ba ta san abin da ta karanta ba. Sau biyu ta ɗauki waya za ta kira shi, ta ajiye. Ba maganar waya ba ce wannan, so take ta ga idonsa.

Ƙarfe biyar da rabi ta roƙi Hamidatu ta zauna da Khairi, ta je ta tsaya a bakin lifta. Ƙofa na buɗewa ga Gidaɗo, dogo, siriri, da rigar aikinsa mai ratsin ruwan lemo, filas a hammata. Ya washe baki zai gaishe ta. Ita kuwa ta tura ƙofar matattakalar bene da ke gefe ta shiga. Ya bi ta.

Wurin babu na'urar sanyaya ɗaki, zafin waje ya taru a ciki har numfashi na yi wa mutum nauyi. Ta karɓi filas ɗin, ta buɗe, ta cika murfin da kunu, ta miƙa masa.

"Sha."

"Me ya faru?"

"Na ce ka sha. Kai ka dama, ai ban taɓa ganin ka ɗanɗana ba."

Da wani ne, da ya ɗaga ya shanye, me ƙwayar yaro za ta yi wa ƙato? Amma Gidaɗo bai iya ƙarya ba, shi ya sa ma abin ya fi ƙona mata rai, wai mutumin da bai iya ƙarya ba ne ya kwana takwas yana yi mata ita. Ya tsaya yana kallon murfin, tururi na tashi.

"Ma'u..."

"Kada ka kira sunana."

"Ki saurare ni."

"Ba zan saurara ba! Wuri goma sha biyu, Abban Khairi. Kana tsaye aka aske mata kai, kana tsaye aka turo ta daga tiyata tana amai. Kai ka sa hannu a takardar, ni na sa hannu. Kwana takwas ina zaune ina ƙura wa 'yata ido kamar mayya, ina jira ta faɗi, ina jin kunyar Allah saboda abin da nake fata. Ashe kai kana can kana daka ƙwaya a kicin ɗina! Ka zo ka kore ni in je in sha iska. In sha iska!"

Muryarta na bugun bango tana dawowa. Wani mai shara ɗan Nepal ya leƙo daga hawan sama, ya ga abin da ake ciki, ya koma da tsintsiyarsa.

"Yau likita ta tsare ni a bakin ƙofa kamar na saci wani abu. Ranar Alhamis za a cire wayoyin. In ba a samu komai ba shi ke nan, mu koma gida da ramuka a kanta da ciwon da muka zo da shi. Ka ji abin da ka yi? Ko ba ka ji ba in maimaita maka da Fillanci?"

"Ita ta roƙe ni," in ji Gidaɗo.

"Wa?"

"Khairi."

Asama'u ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "A kan yarinya za ka ɗora?"

"Ba ɗorawa nake ba. Laifina ne, na sani." Ya zauna a kan matattakala, ya dafe gwiwoyinsa. "Ranar da suka tsayar da maganin, kin fita alwala, ta riƙe mini riga. Ta ce, Abba, wannan abin na sama yana ɗauka ko ina barci? Na ce e. Ta ce mutum nawa ne suke kallo a can ɗakin? Na ce ban sani ba. Ta ce in na yi fitsari za su gani? Jikinta na ɓari, Ma'u. Ta ce Umma ta ce ba a bari a gani, in aka gani ba mai ƙara wasa da ni. Ta ce in kawo mata maganinta kada ta ba ki kunya."

Gidaɗo ya ci gaba.

"Na ce kwana ɗaya kawai, ta samu ta yi barci. Washegari ina shigowa idonta na kan filas ɗin. Na kasa." Ya share fuskarsa da tafin hannu. "Kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma tsoro nake ji. In sun gano wurin, yanka za su yi. Duk ranar da ba ta faɗi ba sai in ji kamar an ƙara mini kwana ɗaya da ita."

Ba wai fushinta ya tafi ba ne. Yana nan, ya ma ƙaru, sai dai ya rasa inda zai dosa. Ta mayar da kunun cikin filas, ta murɗa murfin da ƙarfi har yatsunta suka yi zafi, ta dangwara masa a cinya.

"Tashi ka je ka gaya wa likita da bakinka. Sunan ƙwayar, guda nawa, ƙarfe nawa. Kada ka rage komai. Kuma kada in ƙara ganin ka shigo ɗakin nan da ko ruwan Zamzam ne."

Ya tashi ya tafi. Ita ta zauna a inda ya tashi, gumi na bin bayanta.

Khairi na da shekara huɗu ciwon ya fara kayar da ita a gaban mutane, a wani taron suna a Satwa, falo cike da matan 'yan Najeriya. Asama'u ba ta manta komai na ranar ba. Wata ta fizge ɗanta ta ruga da shi uwar ɗaki tana cewa kada yawu ya taɓa shi. Da Khairi ta farfaɗo aka ba ta ruwa, Asama'u na kallo matar gidan ta ɗauki kofin da leda ta jefa a kwandon shara. Mata masu digiri, wallahi, wata ma a kantin magani take aiki. Asama'u ta ce musu zazzaɓi ne ya hau mata kai, suka karɓa a haka, ita kuma tun daga ranar ba ta ƙara fita ba tare da babban mayafi ba. Ta ƙware. Da ta ga idon Khairi ya tsaya, kafin kowa ya ankara ta lulluɓe ta, ta sure ta zuwa banɗaki, ko bayan mota, ko ɗakin gwajin kaya a kanti. Shugabar makarantar Khairi ce kawai ta sani, ita ma don dole. Ko a gida ba a kiran sunan ciwon, "abin" ake cewa. In yarinyar ta dawo hayyacinta, Asama'u takan goge mata baki ta ce, "Ba wanda ya gani. Wannan tsakaninmu ne, kin ji ko?" Shekara biyar tana faɗin haka, a ganinta kare ta take yi.

Da ta koma ɗaki, Hamidatu ta fita ta ba su wuri. Khairi ta kalli hannun uwarta, ta kalli ƙofa.

"Ina Abba?"

"Yana wurin likita. Ba kunu yau, ba kuma gobe."

Yarinyar ta ajiye fensirinta. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma tambayi dalili ba.

Asama'u ta zauna a bakin gado. Akwai maganar da ya kamata ta faɗa, ta san ta, amma uwa ba ta saba faɗa wa 'yar shekara tara irin wannan ba. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Wannan karon ki bari su gani, Khairi. Don su gani muka zo."

"Ke kika ce ba a bari."

"Na ce. Yanzu kuma na ce ki bari."

"Za ki rufe ni?"

Asama'u ta kalli takardar bango. "A'a."

"To ba na so," in ji Khairi. Ta ja bargo har haɓa, ta juya wa uwarta baya iyakar yadda igiyar wayoyin ta ba ta dama.

Talata ta zo ta wuce. Likitar ta yi wa Gidaɗo faɗan da tun yana firamare ba a yi masa irinsa ba, ta ce maganin zai ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya fita daga jiki, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Aka rage wa Khairi barci, aka kawo mata wani keken motsa jiki tana tuƙawa a gefen gado, aka sa ta hura fanka ta takarda har ta ga jiri. Shiru. Gidaɗo ya ɗauki hutu daga aiki ya dawo kan bencin da ke baranda, nan yake wuni. In Asama'u ta fito ɗibar ruwa sai ya miƙe, ita kuma ta wuce shi kamar fitilar kan titi.

Ranar Laraba bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Maimunat ce, maƙwabciyarsu a Al Rigga, wadda 'yarta Muhsinat ke zuwa Islamiyya tare da Khairi. Mace ce mai jiki da murya, mai son mutane, mai kuma son labari, in ta ji abu da safe kafin la'asar ya kai Sharjah. Asama'u ta gaya wa kowa ciwon kai ne ake bincike, ta ce asibitin ba sa son 'yan dubiya. Amma wa ya isa ya hana Hajiya Maimunat dubiya? Ta shigo da kwandon tuffa da ƙamshin turarenta.

"Maman Khairi, haba! Mako biyu ba a ganin ku, sai ka ce mun yi faɗa. Khairi habibti, sannu. Kai, wannan rawani haka, sai ka ce limamin Juma'a! Muhsinat na gaishe ki, kullum sai ta tambaye ni."

"Ba a kawo abinci daga waje, Anti," in ji Asama'u.

"To ke ki ci. Dubi yadda kika rame."

Ta zauna a kan kujerar Asama'u ta shiga ba da labarin wadda ta haihu da wadda bizarta ta ƙare. Asama'u na tsaye a gefen gado tana amsawa da "uhm", tana lissafin yadda za ta sallame ta ba tare da an ce ta yi wulaƙanci ba. Sai ta ji an ja mata gefen zane.

"Umma." Hannun Khairi na kan cikinta. "Yana tasowa."

Asama'u ta san wannan muryar fiye da tata.

"Umma, ki rufe ni. Anti na nan. Don Allah ki rufe ni."

Ba ta san lokacin da mayafin ya bar kafaɗarta ba. Kafin ta yi wani tunani yana hannunta a buɗe, ta riga ta sunkuya, jikinta ya shiga tsakanin gadon da kamarar. Shekara biyar hannuwan nan suna wannan aiki, ba sa jiran umarni. Idon Khairi na kanta, yana roƙo, ya fara kuma yin nisa.

Ta tsaya a haka kamar daƙiƙa biyu. Sannan ta saki mayafin ya faɗi ƙasa, ta kai wa jan maɓallin duka da tafin hannu, ta kama bargon da Khairi ta ƙanƙame ta fizge shi gaba ɗaya har ƙafa. Ta ja da baya taku uku, har bayanta ya bugi bango.

"Ina nan, Khairi," ta ce. "Ina nan, ban tafi ba."

Ƙararrawa ta ɗauka a baranda. Khairi ta fara tanɗe leɓe kamar mai ɗanɗana wani abu, hannunta na dama na tsintar abin da babu a kan zanen gado, na hagu ya sandare ya ɗaga. Hamidatu ta shigo a guje da wata nas, suka tsaya ta gefe. "Khairi, riƙe wannan kalmar: lemo. Me ke hannuna? Khairi, ɗaga hannu." Ba amsa. Kanta ya juya hagu, jikin ya miƙe, sannan jijjiga ta fara, ƙarafan gado na amsawa. Suka juya ta a kan haƙarƙari. Wani duhun jiƙa ya bazu a kan farin zanen, a fili, a ƙarƙashin fitila.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya Maimunat ta miƙe, tuffa suka watse a ƙasa. "Maman Khairi, kina tsaye? Ki rufa mata asiri mana!" Ta zare nata gyalen ta nufi gadon.

"Kada ki taɓa ta!"

Tsawar ta sa har nas ɗin ta waiga. Asama'u ta cafke hannun Hajiya Maimunat ta jawo ta baya da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Matsa daga gaban kamarar nan! Ba wanda zai rufe ta. Farfaɗiya ce, Anti, kin ji sunanta. Shekara biyar ke nan. Ba zazzaɓi ba ne, ba ciwon kai ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Ki kalla da kyau, in kin fita ki gaya wa duk wanda kika ga dama."

Tana faɗa tana kuka, ba ta kuma saki hannun matar ba. A haka suka tsaya su biyu a jikin bango har jijjigar ta lafa. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in, in ji Hamidatu. Asama'u ba ta taɓa ganin ciwon 'yarta daga farko har ƙarshe ba sai ranar, kullum ta ƙarƙashin mayafi take jin sa a hannunta.

Aka canza zanen gado, aka goge wa Khairi jiki. Gidaɗo na bakin ƙofa tun ƙarar farko, bai shigo ba saboda ba a ce ya shigo ba. Da nas ta wuce da zanen, ya sunkuya ya ɗauki mayafin matarsa daga ƙasa, ya kaɗe, ya ninke, ya riƙe a hannu.

Bayan kamar rabin awa likitar ta zo, wannan karon har da ɗan murmushi. Ta ce sun samu, tsaf, daga farko har ƙarshe. Wayoyi biyu na gefen dama ne suka fara ɗauka kafin sauran, kuma wurin ba ya kusa da inda magana take. Ta dubi Asama'u ta ce, "Kin yi daidai da kika yaye bargon da wuri, mun ga hannun da ya fara." Sannan ta ɗaga yatsa ɗaya. "Saura ɗaya. Kafin gobe da azahar."

Khairi ta buɗe ido a hankali. Ta daɗe tana kallon silin kafin ta gane inda take.

"Umma, sun gani?"

Amsar da aka saba tana kan harshen Asama'u. Ta haɗiye ta.

"Sun gani. Likita ta gani, Anti ta gani, ni ma na gani."

Yarinyar ta lumshe ido, hawaye ya gangaro ta gefen bandeji. Da Asama'u ta kai hannu za ta share, ta kawar da fuska. Asama'u ta janye hannunta, ta ja mata bargo zuwa ƙirji, tunda yanzu an yarda a rufe.

Hajiya Maimunat ba ta tafi ba. Ta gama tsince tuffanta, ta zauna shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Can ta matso ta dafa ƙafar Khairi ta saman bargo, ta ɗan jima a haka, sannan ta ɗaga hannuwa.

"Allah ya ba ki lafiya, 'yata. Allah ya sa wannan ce ta ƙarshe, kada ya ƙara maimaita..."

"Kada ka amsa," in ji Asama'u. Da Gidaɗo take, wanda ya riga ya buɗe baki daga bakin ƙofa. Wannan ce maganar farko da ta yi masa tun ranar Litinin.

Ta juyo ga Hajiya Maimunat. Muryarta ta dushe saboda tsawar ɗazu.

"Anti, sake addu'ar. Ki roƙa mana ta ƙara faɗuwa kafin gobe da azahar."

Hajiya Maimunat ta dube ta, ta dubi yarinyar, ta dubi kamarar da ke silin. Hannuwanta na nan a sama ba ta sauke ba. Ta gyara murya sau biyu kafin ta iya farawa, ta kuma faɗe shi yadda aka ce ta faɗa.

Gidaɗo ne ya fara cewa amin.